Kafa Filafili Kafin Ka Ja: Nasiha ga Matasa Masu Tseren Kwale-kwale

Samari da 'yan mata, ƙannena, wannan magana taku ce, musamman waɗanda karatu ko neman abinci ya kai su gaɓar teku, suka tarar ana tseren wani siririn kwale-kwale mai madogari a gefe, har zuciya ta raya musu su shiga. Na san akwai waɗanda a waya kawai suke kallonsa, akwai kuma 'ya'yan masunta da 'yan fito da suka buɗi ido suka ga filafili jingine a ƙofar ɗaki. Duk ku matso. Jirgin ya bambanta da namu, amma abin da ruwa yake yi wa mai gaggawa a Honolulu shi yake yi masa a Yawuri.

Wasan na mutanen tsibiran tekun Fasifik ne. A Hawai suna ce wa jirgin wa'a, a Tahiti va'a, Maori na Niyu Zilan kuma waka ama. Wanda aka fi yin gasa da shi na mutum shida ne. Tsawonsa ya kai mita 13 ko ya ɗan ɗara, faɗinsa kuwa da ƙyar ya wuce ƙugun mutum guda. Jirgi mai wannan ƙira ba zai zauna a kan ruwa shi kaɗai ba, shi ya sa ake ɗaura masa sanduna biyu da suka miƙa ta hagu, a ƙarshensu akwai wani dogon abu mara nauyi da ke kwance a kan ruwa yana tallafe shi. Wannan madogari shi suke kira ama. Mutanen Hawai sun ɗauki abin da muhimmanci har jihar ta ayyana shi a matsayin wasanta na ƙungiya a hukumance tun 1986.

Gasar da kowane matuƙi yake burin shiga ita ce Molokai Hoe. Ana tashi daga tsibirin Molokai, a tsallaka mashigin Kaiwi, a sauka a Waikiki da ke tsibirin Owahu, tafiyar kusan kilomita 66 a tsakiyar teku. An fara ta a 1952 da jirage uku kacal, kuma waɗanda suka zo na ɗaya sai da suka kwashe kusan awa tara a kan ruwa. Mata ma suna da tasu a wannan mashigi, Na Wahine O Ke Kai, tun 1979. A 2011 ƙungiyar Shell Va'a ta Tahiti ta yanke tafiyar cikin awa huɗu da rabi da 'yan daƙiƙoƙi. Gaskiya ne jirage sun canja, wurin tashi ya canja, horo ma ya canja. Amma damtsen ɗan Adam bai ninka ba a cikin shekara sittin. A ganina babban kaso na wannan rata yana cikin yadda ake sa filafili a ruwa da yadda ake zare shi.

Ku yi lissafin da kanku. Ƙungiyar da ke tsoma filafili sau 60 a minti, idan ta yi awa biyar a kan ruwa, jirginta ya sha ja 18,000 ke nan. A ce kowane ja ya ƙara wa jirgin santimita biyar kawai, abin da bai kai tsawon ɗan yatsa ba. A ƙarshen tafiya an tara mita 900, wato ratar kusan minti huɗu. Babu wani ƙarfe da za ka ɗaga a ɗakin motsa jiki ya ba ka wannan ratar da araha haka.

Kuskuren farko a cikin kai yake. Sabon matuƙi yana ɗauka aikinsa shi ne ya kwashi ruwa ya watsa shi baya, saboda haka gwargwadon yadda ruwa ya tashi fari fat a bayansa, gwargwadon yadda yake jin ya yi aiki. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kogi ya kalli ɗan fito yana tuƙi da gora ya riga ya ga gyaran wannan kuskure. Yana caka gorar a ƙasan kogi ta tsaya cak, sannan ya tura jirgin ya wuce ta. Gorar tana inda aka kafa ta, jirgi ne ke tafiya. Haka ake so filafili ya zama, sai dai shi a jikin ruwan kansa ake kafa shi. Ruwa ya fi iska nauyi wajen sau 800. Idan allon filafilin ya nutse gaba ɗaya, babu iska maƙale a bayansa, ruwan zai riƙe shi riƙo mai kyau, kai kuma ka jawo kanka da jirgin zuwa inda yake. Ka kalli gwani daga gaɓa, ka sa ido a kan wani ganye da ke yawo kusa da inda ya tsoma filafili. Za ka ga filafilin ya fito kusan a wurin da ya shiga, jirgin kuwa ya yi gaba.

Saboda haka abin da ya fi komai yana can gaba, a ɗan lokacin nan da bai wuce ƙiftawar ido ba, tsakanin sa'ad da bakin allon ya taɓa ruwa da sa'ad da aka ɗora masa nauyi. Wannan shi ne kamu, kuma a nan matasa suka fi yin asara, domin a nan ne ake bukatar haƙuri alhali jini yana tafasa.

Wani yakan ɗaga filafili sama ya mako shi kamar yana jin haushin ruwan. Ruwa ya fantsama, na bayansa ya jiƙe, allon kuma ya shiga da iska a bayansa. Iskar nan ita ce farin kumfan da kake gani yana juyawa a bayan allon, kuma ita ke sa filafili ya zame maimakon ya kafu. Wani kuma ba ya bugun ruwan, amma yana fara ja tun rabin allon ne kaɗai ya nutse. Kafin allon ya gama shiga ya riga ya kai gwiwarsa, mafi kyawun ɓangaren jan ya wuce a banza. Akwai na ukun da ya fi su wuyar ganewa, domin daga nesa sai ka ce gwani ne. Yana miƙawa gaba har iyakar miƙawa, hoto ya yi kyau, sannan ya janyo filafilin baya a cikin iska tafin hannu guda ko biyu kafin ya tsoma shi. Ya sha wahalar miƙa, bai ci ribarta ba. Wanda ya miƙa daidai gwargwado ya tsoma a wurin da ya miƙa ya fi shi nesa ba kusa ba.

Yadda ake so shi ne bakin allon ya zura cikin ruwa ta gaba da ƙasa a lokaci guda, sumul, har ruwa ya kai wuyan allon inda ya haɗu da ƙota. Sai a sannan za ka ɗora nauyinka. Tsakanin nutsewar da ɗora nauyin babu tsayawa, ido ba ya raba su, amma jiki ya san wanne ne gaba. Malaminka na farko a nan shi ne kunnenka. Idan ka ji "tsulum", ka buɗa rami a ruwa, iska ta shiga. Idan ka ji "facal", ka mari ruwa. Kamu mai kyau kusan ba shi da ƙara. Kuma a hannu za ka ji shi da nauyi, kamar filafilin ya maƙale. Sababbi da yawa sukan tsorata da wannan nauyi, su koma ga jan da ke zamewa don ya fi sauƙi. To, wannan nauyin shi ake nema, jirgin ne kake ji.

Wani ɗan abu da ke sa tsofaffin hannu murmushi a ranar farko: filafilin tsere ba miƙaƙƙe ba ne. Allon ya ɗan karkata daga ƙota, wajen digiri 10, kuma karkatar gaba ake so ta fuskanta, wato bakin allon ya nufi goshin jirgi. Hankalin sabon shiga yakan ba shi cewa a juya shi ya zama kamar ludayi don ya kwaso ruwa da yawa. Sai ya riƙe shi a baibai, ya yini yana ɗaga ruwa sama. An yi karkatar ne don allon ya daɗe a tsaye cikin ruwa lokacin da ake ja, domin allo a tsaye shi ke tura jirgi gaba.

Idan an kafa, da me ake ja? Mai ƙaramin sani zai ce da hannu. Naman hannu ƙarami ne, minti ashirin ya ishe shi ya ƙone. Ƙarfin tuƙi daga ƙafa yake tasowa, ya bi ta ƙugu, ya hau gadon baya. Ka zauna a kan gaban kujera, ƙafar gefen da kake tuƙi tana gaba, dunduniya a dafe da ƙasan jirgi. Lokacin miƙawa, ƙugu da kafaɗar wannan gefen su tafi gaba tare, ƙirjinka ya juya ya fuskanci ɗaya gefen, bayanka a miƙe ba a doro ba. Da zarar allon ya kafu sai ka taka ƙafar nan, ka warware juyin da ka yi, ka miƙe zaune. Hannun ƙasa, wanda ke riƙe da ƙota kamar tafin hannu guda sama da allon, kusan a miƙe yake tafiya, aikinsa kawai ya haɗa filafili da bayanka. Idan ka ga gwiwar hannun ta lanƙwashe tun farkon ja, ka san damtse ya ƙwace aikin da ba nasa ba. Kada kuma ka manta, ta ɗuwawu da ƙafa ne kaɗai jikinka ke taɓa jirgin. Duk ƙarfin da bai sauka ta nan ba, bai isa ga jirgi ba.

Hannun sama shi ne aka fi mantawa da shi. Ana so ya fita waje, ya tsaya a kan ruwa daidai saman hannun ƙasa, domin ƙotar ta tsaya tsaye idan an dube ka daga gaba. Idan ka bar shi a cikin jirgi, a gaban ƙirjinka, ƙotar za ta kwanta, allon ya zagaya kamar baka, wani ɓangare na ƙarfinka ya tafi wajen karkatar da jirgi. Wa zai biya wannan? Na shida, mai riƙe da akalar jirgi a can baya. Dole ya daina tuƙi ya soka filafilinsa a jikin jirgi don ya miƙar da shi, kuma kowane irin wannan suka birki ne. Kai kana can gaba kana gumi kana jin kai ne jarumi, ba ka san kai ne ke sa ana taka wa jirgin birki ba. Hannun saman nan kuma kada ya wuce goshinka sosai wajen ɗagawa. Ƙasa yake dannawa, yana tabbatar da allon a cikin ruwa.

A nan zan yi muku wata 'yar togaciya. Masu horarwa ba su haɗu a kan komai ba. Wani zai ce a fi ba juyin ƙugu ƙarfi, wani ya ce a fi sunkuyawa gaba a faɗa da nauyin jiki a kan filafili. Wani yana son dogon ja a hankali, wani gajere mai sauri. Za ka ga bidiyon zakarun Tahiti ka ga ya saɓa da abin da kocinka yake koya maka. Kada ka shigo jirgin mutane da salon da ka tsinta a waya cikin dare. Mutum shida masu salo ɗaya, ko da salon matsakaici ne, za su wuce mutum shida da kowa ke bin nasa gwanin. Idan kana da tambaya, ka bari a fito gaɓa ka yi ta cikin ladabi.

Zare filafili ba ya bukatar dogon bayani, sai dai wuyar bari. Da hannun ƙasa ya kai tsakiyar cinya, ko dab da ƙugu, aiki ya ƙare. Abin da ya wuce nan allon ya riga ya kwanta, ruwa yake ɗagawa sama, yana danna jirgin ƙasa. Matashi yana ganin kamar rowa ce ya fitar da filafili alhali yana da sauran ƙarfi. Ka adana shi, akwai ja dubu goma sha a gabanka. Ka zare allon ta gefe, a tsabtace, ba tare da ka watsa wa na bayanka ruwa a fuska ba.

Daga nan sai komawa gaba, kuma ita ce kaɗai hutun da za ka samu a cikin jirgi. Ka sassauta yatsu, ka saki kafaɗa, ka shaƙi iska, allon ya bi saman ruwa kusa-kusa ba tare da an ɗaga shi sama ba. Abin da zan ja kunnenku a kai shi ne faɗawa gaba da ƙarfi. Jirgin yana cikin gudu, yana cin ribar jan da aka yi. Idan mutum shida suka wurga jikinsu gaba a lokaci guda, goshin jirgi zai dulmiya, gudun ya karye, kowane ja ya zama kamar tayar da jirgi daga tsaye. Dalilin a fili yake. Turjiyar da ruwa ke yi wa jirgi tana ƙaruwa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa, ta yadda ƙarin kashi 10 cikin ɗari na gudu yana cin ƙarin kusan kashi ɗaya bisa uku na ƙarfi. Jirgin da ke zabura yana lafawa, yana zabura yana lafawa, yana biyan wannan tsada a kowane ja. Wanda ke tafiya bai ɗaya shi ke isa da sauran numfashi.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu na mutum ɗaya ne, jirgin kuwa na shida ne. Na ɗaya, a goshi, shi ke kafa saurin tuƙi. Na biyu yana kwaikwayonsa a ɗaya gefen. Na uku da na huɗu galibi su ne ƙarfafan jirgi, na biyar yana taimakon na shida idan ruwa ya yi tsauri. Na ɗaya da na uku da na biyar suna gefe guda, na biyu da na huɗu suna ɗayan. Jirgin gargajiya na gasa ya kai kilo 180, idan aka haɗa da mutanen ciki an haura kilo 600. Wanda ya riga kowa tsomawa, shi kaɗai zai ɗauki wannan nauyi na ɗan lokaci, kuma kafaɗarsa ce za ta ba da labari daga baya. Wanda ya makara kuwa ya tarar an riga an tayar da jirgin, filafilinsa ya wuce sakayau, ya zama fasinja mai riƙe da filafili. Abin takaicin, shi ne zai fito yana cewa yau tuƙin bai yi wuya ba. Idonka ya kasance a kan kafaɗa da hannun saman wanda ke gabanka, domin idan ka jira sai ka ga allonsa ya taɓa ruwa, ka riga ka makara. Ku shiga tare, ku fita tare, ku koma gaba da sauri iri ɗaya.

Bayan ja goma sha biyu zuwa sha biyar, gwargwadon tsarin ƙungiya, mai kira, wanda sau da yawa na uku ne, zai ɗaga murya ya ce "hut". A ƙara ja guda, a amsa da "ho", kowa ya sauya gefe, hannu da ƙafa duka. A wannan sauyi ake zubar da gudu ba a sani ba. Wani yakan sassauta jan ƙarshe don yana shirin sauyawa, wani kuma ya lalata na farko don bai gama gyara riƙo ba. A tafiyar ja 18,000 ana sauya gefe fiye da sau dubu. Ka cika jan ƙarshe kamar babu sauyi, kuma jan farko a sabon gefe ya sami kamunsa cikakke.

A Molokai Hoe ƙungiyar manyan maza mutum tara ce, shida a jirgi, uku a jirgin rakiya mai inji. Idan lokacin canji ya yi, jirgin rakiya ya wuce gaba ya zubar da mutum uku a teku. Su jera a layi, kawunansu kaɗai ake gani tsakanin igiyoyin ruwa, suna ɗaga hannu suna fantsama ruwa don na shida ya hango su. Shi kuma ya saita jirgin ta yadda za su faɗo tsakanin jikin jirgi da ama. A daidai lokacin waɗanda za su huta su ajiye filafili su faɗa ruwa ta dama, sababbin su kama bakin jirgi ta hagu su haye, jirgin bai tsaya ba. Wanda ya hau yanzu, ruwan gishiri na zuba daga kansa, ya huta, jikinsa cike da ƙarfi, ga zuciya tana ce masa ya nuna. A nan ake gane wanda ya koyu. Gwani yakan ɗauki filafili ya shiga cikin tuƙin waɗanda ya tarar, a saurinsu, sannan ya ƙara nauyi a cikin ruwa inda ba a gani. Ɗanye kuwa sai ya ƙara sauri shi kaɗai, ya wargaza jirgin da ya zo taimako.

Mutanen Tahiti sun cancanci a tsaya a kansu. Tun 1976 suka je Hawai suka lashe Molokai Hoe, suka sa masu gida sake duban yadda suke tuƙi. Shell Va'a kuma ta lashe gasar sau takwas a jere, daga 2006 zuwa 2013. A gida suna da Hawaiki Nui Va'a, wadda aka fara a 1992: kwana uku, daga Huahine zuwa Raiatea, daga nan zuwa Taha'a, a ƙare a Bora Bora, jimilla kusan kilomita 129, kuma ba a canja mutum a tsakiyar zango. Shidan da suka tashi su za su sauka. Wanda ke ɓarnar ƙarfi ba ya kai labari a irin wannan tafiya. Wani abin lura kuma, jirginsu na mutum ɗaya ba shi da abin juyawa a ƙarƙashi, saɓanin wanda aka fi amfani da shi a Hawai mai abin takawa da ƙafa. Da filafili kaɗai ake tuƙa shi, da shi ake miƙar da shi. Yaron da ya tashi a irin wannan jirgi, idan jansa ya karkace jirgin zai juya nan take, babu wanda zai rufa masa asiri. Idan ƙungiyarku tana da jirgin mutum ɗaya, ka nemi a ba ka aro. A jirgin shida mutum yana iya ɓoye aibinsa shekara guda, a na mutum ɗaya ko awa guda ba zai ɓoyu ba.

Sauri kuwa, kada ya ruɗe ku. Gudun jirgi abu biyu ne aka haɗa: sau nawa ake ja a minti, da nisan da kowane ja ke kai jirgin. A dogon zango ƙungiyoyi da yawa suna zama tsakanin 60 da 70 a minti, a gajeren tsere na mita 500 kuma ana haurawa sosai. Zakarun da kuke gani suna sauri, kowane ja nasu yana da kamu. Idan ka kwaikwayi saurin ka bar kamun, kaɗa ruwa kawai kake yi.

Gyaran ba a ranar gasa ake yin sa ba, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka samu alama biyu a gaɓa, ko bishiya ko turaku, ka tuƙa tsakaninsu kana ƙirga ja. Ka koma ka sake, da niyyar isa da ja kaɗan ba tare da lokacin ya ƙaru ba. Ka yi tuƙi a hankali ƙwarai, wajen sau 40 a minti, inda babu inda kuskure zai ɓuya. Ka riƙa ɗan tsayawa a cikakkiyar miƙa kafin ka tsoma, don ka tabbata a nan allon yake shiga. Idan ruwa ya kwanta, ku biyar ku rufe ido ku bar na shida yana kallo, ku nemi juna da kunne da motsin jirgi. Sannan ka ba aboki wayarka ya ɗauke ka daga gefe da kuma daga gaba, ka kalla a hankali. Ba za ka ji daɗin abin da za ka gani ba, domin yadda mutum yake jin kansa da yadda yake a zahiri sun sha bamban. Ka ɗauki aibi ɗaya ka bi shi har ya gyaru kafin ka taɓa na biyu. Kuma ka fi ba gefen da ba ka so lokaci, kowa yana da shi.

Kuɗi ba sa sayen kamu. Filafilin katako mai daidai tsawonka ya ishe ka shekaru. Galibin na manya suna tsakanin santimita 120 da 132. Wanda ya yi maka tsawo zai tilasta hannun sama ya ɗaga fiye da kima, wanda allonsa ya yi maka faɗi kuma zai ci kafaɗarka. Ciwon gajiya a gadon baya da cinya alama ce ta cewa aikin yana tafiya inda ya dace. Amma suka mai tsini a cikin kafaɗa, ko zafi a wuyan hannu saboda damƙar ƙota da ƙarfi, wannan gargaɗi ne. Ka tsaya, ka gaya wa mai horarwa, idan ya ci gaba ka ga likita. Jarumtar ɓoye ciwo ta raba matasa da dama da wasannin da suke so.

Jirgin nan yana kifewa, har suna da sunan abin, huli. Ya isa mutum biyu su karkata dama a lokacin da igiyar ruwa ta ɗaga ama, sai ku tsinci kanku a ruwa. Ƙungiyar kirki tana koyar da yadda ake mayar da jirgi tun kafin a bar gaɓa da nisa: a fara ƙirga kawuna a tabbata shida ne, a tattara filafilai, a juyo jirgin, a kwarfe ruwa. Mu da muke yawan jin labarin kifewar kwale-kwale a kogunanmu bai kamata a roƙe mu kan wannan ba. Ka koyi iyo, kuma ka sa rigar kariya duk inda aka ce a sa, ko da abokai za su yi dariya. Ka kuma kiyaye al'adar masu abin. A Hawai jirgi yana da suna, ba a tsallaka shi idan yana ajiye a gaɓa, zagayawa ake yi, ba a zagi ko gardama a cikinsa, kuma idan ana tafiya na shida ne mai magana. Baƙon da ya girmama wannan shi ake buɗe wa abin da ba a faɗa wa kowa.

Ku kuma da ke tseren kwale-kwale a bikin Argungu ko Rigatar Yawuri, jiragenku ba su da ama, kiranku ma daban ne, amma maganar kamu da shiga tare taku ce ita ma. Akwai dattawa a bakin kogunan nan da suka fi ni sanin ruwa, waɗanda filafilinsu ba ya ƙara. Ku je ku zauna kusa da su tun suna nan. A fitarku ta gaba, ku rage sauri da gangan, ku saurari filafilinku na minti goma, duk jan da ya yi ƙara ku gyara na bayansa. Allah Ya tsare ku a kan ruwa.